Aksolotil nawa tankin gilashi zai ɗauka?

Tambaya: Malam, na samo 'ya'yan aksolotil guda huɗu, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Tankina na gilashi lita 75 ne. Zai ishe su?

Amsa: Ɗan'uwa, yau zai ishe su, amma kafin baɗi war haka sai sun rasa wurin juyawa. Wannan dabba dangin kwaɗo ce mai jela, asalinta tafkin Xochimilco da ke gefen birnin Meziko, kuma idan ta girma takan kai santimita 23 zuwa 30. Tana iya rayuwa shekara 10 zuwa 15. Don haka kada ƙanƙantarsu ta yau ta rufe maka ido.

Lita 75 wurin babba ɗaya ne, shi ma mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi. Masu kiwo da yawa kan ƙara lita 40 kan kowane ɗaya da ya ƙaru. Ni kam na fi son a ba biyu lita 150, huɗu kuwa a nemi kusan lita 300, ko a raba su tanki biyu.

Ba yawan ruwa kaɗai ake dubawa ba. Aksolotil ba kifi ba ne da zai yi ta shawagi sama da ƙasa. A ƙasan tanki yake wuni yana tafiya a hankali. Tanki mai faɗi, kamar santimita 90 a tsawo da 45 a faɗi, ya fi siriri mai zurfi ko da ruwansu ɗaya ne. Kowannensu kuma yana son ramin ɓuya nasa, domin idonsu ba shi da fatar rufewa, haske na damunsu.

Abin da ke kashe su a cunkoso shi ne kashinsu. Suna yin sa da yawa, ya rikiɗe ya zama gubar da ake kira amoniya, ita kuma ta ƙona gashin numfashin da ke gefen kansu. Dole gwajin ruwa ya nuna sifili a amoniya da naitirait, wata gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama. A sa matatar ruwa mai soso wadda ba ta tura ruwa da ƙarfi, a canza kashi 20 cikin 100 na ruwan duk mako. Ƙaramin tanki ma yana saurin ɗumama, alhali su digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Celsius suke so. Idan ruwan ya kai 24, sai wahala da ciwo.

Tambaya: Malam, biyu gare ni, na wayi gari ƙafar ƙaramin ta gutsure. Faɗa suke yi?

Amsa: Hajiya, ba faɗa ba ne, ci ne. Ba sa gani sosai, duk abin da ya motsa kusa da bakinsu sai su zuƙe shi. Ƙanana sun fi yin haka. Ƙafar za ta sake tsirowa, baiwarsu ke nan, amma ki ware shi har ya kamo ɗan'uwansa a girma. Ki riƙa ba su tana su ƙoshi, kowa a kusurwarsa. Idan akwai tsakuwa a ƙasan tankin, ki kwashe ta, suna haɗiye ta ta toshe musu ciki. Lallausan yashi ya fi.

Tambaya: Namiji da mace fa, ba don kaɗaici ba?

Amsa: Aksolotil bai san kaɗaici ba, zaman shi kaɗai ba ya rage shi da komai. Ka haɗa namiji da mace, ita ce za ta sha wuya: takan zuba ƙwai daga 100 har zuwa 1,000 a karo guda, namijin kuma ba zai bar ta ta huta ba. In biyu kake so, su kasance jinsi ɗaya, girma ɗaya. Ana gane namiji da kumburin da ke bayan ƙafafunsa na baya, wanda yakan fito fili idan ya kusa shekara.