Yaushe 'yan maɗigo suka fara kafa ƙungiya a Amurka?

'Yar'uwa, kin tambaya ko daga Stonewall a 1969, wato boren da masu neman jinsi ɗaya suka yi wa 'yan sanda a wata mashaya a New York, abin ya faro, a'a, matan sun riga. Tun 1955 mata takwas suka kafa ƙungiyar 'yan maɗigo mai suna Daughters of Bilitis a San Francisco, cikinsu har da Del Martin da Phyllis Lyon. Lokacin 'yan sanda na kai samame mashaya, sunanki ya fito a jarida shikenan aiki ya tafi, to sai suka riƙa haɗuwa a falon gidajensu. A 1956 suka fara mujallar The Ladder, da yawa da sunan ɓoye suke rubutu saboda tsoro. Del da Phyllis sun haura shekara 50 tare, suka yi aure a Yunin 2008, a Agusta Del ta rasu, wallahi wannan ya taɓa ni.