Amsar murya: kafin ki sayi antibodin kabiyolin-3

Assalamu alaikum 'yan guruf, barkanmu da yamma. Ƙanwata ta Garwa, na saurari saƙonki. Kin ce za ki duba kabiyolin-3 a tsokar ɓera, daga baya wani furotin ɗin, fulotilin, a ƙwaƙwalwa, kina tambaya wane antibodi (sinadarin da ke manne wa furotin ya nuna inda yake) za ki saya tunda kuɗin bincike kaɗan ne. To, saurara da kyau.

Sunan kamfani ba shi zai cece ki ba, gwajin da za ki yi da hannunki shi ne. Kabiyolin-3 ɗan ƙaramin furotin ne, amino asid (tubalan da ke gina furotin) 151 kacal, shi ke riƙe wasu ƙananan ramuka na jikin tantanin ƙwayar tsoka, yana tara sauran furotin wuri guda. Tun 1998 aka gano cewa lalacewarsa na kawo wani nau'in ciwon shanyewar tsokar kafaɗa da ƙugu, kin ga ba aikin wasa kika ɗauko ba. Matsalar ita ce yana da ɗan'uwa, kabiyolin-1, sun yi kama ƙwarai, shi kuma cike yake a bangon ƙananan hanyoyin jini da ke ratsa tsokar. Antibodi marar kyau duka biyun zai kama, ki ga haske ki yi ta murna, alhali hanyar jini kike kallo.

Da antibodi na gaskiya, in kin yanka tsokar a gicciye kin sa a madubin ƙara girma, za ki ga siririn zobe ya kewaye kowane zare, tsakiya duhu, gaba ɗaya kamar saƙar zuma. In kuwa ɗige-ɗige ne masu ƙarfi a tsakanin zaruruwan, ki tsaya tukuna. Ki ajiye yankan hanta a gefe, can kabiyolin-3 kusan babu shi. Ki kuma bar gilashi ɗaya da ba ki sa masa antibodin farko (mai kama furotin ɗin) ba, na biyun kawai, wato mai hasken da ke bin na farkon. In wannan ma ya haska, ai kin san inda gizo ke saƙa.

Sannan don Allah ki duba dabbar da aka samo antibodin daga jikinta. Naman ɓera gare ki, kar ki sayi wanda aka yi a ɓera, don na biyun zai bi antibodin da ke cikin naman tun asali, ya ɓata miki hoto. Ki nemi na zomo. Ki karanta takardarsa, an gwada shi a daskararren yanka ko a na kakin farafin? Wani yana aiki a westan (gwajin da ke rarrabe furotin bisa nauyi) ya ƙi a yanka sam.

Fulotilin ya fi wahala, gaskiya. Yana nan kusan ko'ina a jiki, ba ki da naman da za ki ce babu shi. Kuma iri biyu ne, na 1 da na 2, nauyinsu kusan ɗaya ne, wajen kilodaltan 47 zuwa 48, layin westan kaɗai ba zai raba miki su ba. Ni dai ra'ayina, ki zaɓi wanda aka nuna an gwada shi a ƙwayoyin da aka cire musu furotin ɗin, ko da ya fi tsada.

Sai maganar da ta fi damuna, zafinmu. Kaya ya sauka Duwala ya kwana a duwan (kwastan), ya hau hanya har Garwa, a watan Afrilu kuwa zafi na haura digiri 40. Ranar da antibodin ya iso labo (ɗakin gwaji), ki rarraba shi ƙananan kwalabe, ki sa a sanyin da takardarsa ta ce, ki riƙa ciro ɗaya ɗaya. Narkewa da sake daskarewa duk lokacin da aka ɗauke wuta shi ke kashe shi. Ki jera robobin ruwa daskararru a cikin firjin su riƙe sanyi, ki kuma rubuta lambar rukunin da ke jikin kwalbar a littafinki.

Turo min takardun guda biyun da kike dubawa, in sha Allah bayan isha'i zan duba in faɗa miki. A gaida Malam.