Jel ɗin magani da ake haɗawa a farmasi: yana karya azumi, ko najasa ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, mahaifiyata na fama da ciwon gwiwa da na wuyan hannu, ga gyambon ciki, shi ya sa likita ya hana ta ƙwayoyin ciwon jiki. Ya rubuta takarda aka haɗa mata jel na ketoforofen a wani farmasi nan Yamai, ana shafawa sau biyu a rana. An ce mata yana ratsa fata ya shiga jini, kuma yana ɗan warin alkol. Yanzu ta ƙi shafawa da rana in tana azumi, tana kuma wanke shi kafin kowace salla don tana ganin najasa ne. Wata maƙwabciya ma ta ce daga ƙashin alade ake yin jel. Mene ne hukunci? Daga ƴar'uwarku a unguwar Bukoki.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa ɗawainiya.

Ba a yanke wa abu hukunci sai an san mene ne shi, don haka mu fara buɗe kwalbar. Jel ɗin da masu haɗa magani suka fi yi don ratsa fata shi ne wanda suke kira PLO, kuma kashi biyu ne. Na farko mai ne: lesitin na waken soya da ake narkar da shi cikin wani mai na masana'anta, awo ɗaya da ɗaya, a bar shi ya kwana har ya koma kamar zuma. Na biyu ruwa ne: garin foloksama, giram 20 zuwa 30 a cikin mililita 100, ana jiƙa shi da ruwan sanyi a firijo, don shi a sanyi yake narkewa, in ya ji ɗumi ya daskare. Sai a jiƙa garin maganin da ɗan alkol ko makamancinsa, a cuɗa shi da kashin mai, a ƙara kashin ruwa kamar ninki huɗu, a zuba a sirinji biyu da aka haɗa bakinsu, a yi ta turawa daga wannan zuwa wancan har ya yi laushi babu gudaji. Na kamfani kuwa, wanda ake saya a tub, galibi da karboma ake kaurara shi. Foloksama da karboma duka a masana'anta ake ƙera su, ba daga dabba ba. Maƙwabciyarku kamannin suna ne ya ruɗe ta: jelatin shi ne ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, kuma a ɓawon kafso aka fi samunsa. In akwai shakka a kan wani sinadari, kamar gilisarin da ke iya fitowa daga tsiro ko daga kitse, a tambayi mai farmasi. In bai tabbata daga haram yake ba, asalin abubuwa tsarki ne.

Batun azumi: shafa shi da rana ba ya karya azumi, babu ramuwa, babu kaffara. Abin da Allah ya hana mai azumi a aya ta 187 ta Suratul Baƙara shi ne ci da sha da kusantar iyali, malamanmu na Malikiyya kuma suka auna da isar abu maƙogwaro ko ciki ta wata kafa, kamar baki da hanci da kunne da ido. Fata ba kafa ba ce a wannan ma'ana. Saman fata wani siririn ɓawo ne na matattun ƙwayoyin halitta da kitse a tsakaninsu. Lesitin da alkol suna sassauta kitsen nan, maganin ya sulala ta ciki zuwa naman da ke ƙarƙashi, kaɗan daga ciki ya bi ƙananan jijiyoyin jini. Bai bi ta tumbi ba, bai ƙosar ba, bai kashe ƙishi ba. A jel na dikulofenak, wani maganin ciwon jiki, da aka shafa a gwiwa, abin da ke kaiwa jini kusan kashi 6 cikin 100 ne na abin da ƙwaya ke kaiwa. Ya zo a Muwaɗɗa cewa an ga Annabi (SAW) yana zuba ruwa a kansa yana azumi saboda ƙishi ko zafi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na goma a Jidda a 1997, ta sa man shafawa da filastar magani da fata ke tsotsewa cikin abubuwan da ba sa karya azumi.

Akwai wata ƴar gaɓa da ɗaliban Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, za su tuna. Masu sharhi sun ce wanda ya shafa mai a kansa da rana har ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro, sanannen zance shi ne ya rama. Amma su dai suka ce wanda ya goga kwartowa a ƙafarsa ya ji ɗacinta a maƙogwaro, ko ya damƙi ƙanƙara ya ji sanyinta, babu komai a kansa. Na kawo wannan ne don wasu haɗe-haɗen ana sa musu sinadarin DMSO, wanda ke sa mutum ya ji ɗanɗano mai kama da tafarnuwa a baki bayan shafawa. Wannan ƙanen mas'alar kwartowa ne, azumi na nan. In a ka ake shafa magani, a bari sai dare don fita daga saɓani.

Sai alkol, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ake kira aisoforofil ba abin sha ba ne, guba ne, ba ya shiga sunan giya. Wanda ake magana a kai shi ne etanol. Jumhur, wato mafi yawan malamai, har da Malikiyya, sun ɗauki giya najasa. Rabi'a malamin Imamu Malik da Laisu ɗan Sa'ad da Muzani sun ce haram ce a sha amma jikinta tsarkakakke ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da alkol wajen tsabtace rauni da kashe ƙwayoyin cuta da kuma cikin mayukan shafawa na waje. Abin da na rinjayar ke nan, musamman da yake ɗan kaɗan ne, an sa shi don narkar da garin magani, kuma yawancinsa bin iska yake yi bayan shafawa. Hajiya ta yi sallarta da shi a jiki da tufafi. In akwai haɗin da babu etanol kuma aikinsu ɗaya, neman sa ya fi, amma ba wajibi ba ne.

A ganina inda aka fi yin kuskure shi ne alwala, ba azumi ba. Gwiwar ƙafa da baya da kafaɗa ba gaɓɓan alwala ba ne, ba sai an wanke su ba. Wuyan hannu ne abin dubawa. Ƙa'idar ita ce abin da ke da jiki, kamar kakin zuma ko daskararren mai, yana hana ruwa isa fata, dole a gusar da shi. Maiƙo kawai, wanda ruwa ke game gaɓa sannan ya tsattsage, ba ya cutarwa. Jel da aka shafa siriri ya bushe ba shamaki ba ne. In an lafta shi har ya yi ɓawo, ko yana canza ruwan da ke bi ta kansa, sai a wanke tukuna. To amma irin wannan jel ruwa na ɗauke shi, ga cuɗawa wajibi ce a mazhabarmu, don haka wanda ya shafa sannan ya yi alwala ya zubar da maganinsa a buta. Mafita: alwala tukuna, a tsane hannu, sannan a shafa, don shafa magani ba ya warware alwala. A bar shi aƙalla awa ɗaya ba ruwa. Tunda sau biyu ne, bayan Asuba da bayan Isha'i sun fi dacewa, nan ne tazarar ta fi tsawo. Wanka ma kafin shafawa.

Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, saboda haka kiyaye waɗannan yana cikin hukuncin. Ketoforofen ba ya shiri da rana: wurin da aka shafa in rana ta buge shi yana iya yin ja da ƙuraje masu ruwa kamar ƙuna, don haka a rufe shi da tufa duk tsawon jinya da mako biyu bayanta. A zafin ranar Yamai wannan ba wasa ba ne, ko shanya a tsakar gida ta isa. Kada a shafa a kan rauni ko fata mai ƙaiƙayi, kada mai ciki da ta shiga wata na shida ta shafa, haka wanda asfirin ke tayar masa da asma. A bi awon da aka rubuta: haɗin kashi 10 cikin 100 yana ɗauke da miligiram 100 a kowace mililita, ninka shi ba ya ninka sauƙi, kuma mai gyambon ciki ba ta tsira gaba ɗaya don ta koma shafawa ba. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin shafa mata, kada jikoki su kwanta a kan wurin yana ɗanye.

Kada a sa PLO a firijo, zai tsinke, mai ya rabu da ruwa. A ajiye shi a inuwa, wuri mafi sanyi a ɗaki, kusa da randa misali. In kika ga ya rabu biyu, ko kika ji tsakuwa-tsakuwa a yatsa, maganin ya daskare ya fita daga haɗin, awonsa ya ɓaci, a mayar wa mai farmasi. Irin wannan haɗi ba ya daɗewa kamar na kamfani, galibi wajen wata guda ne, ki duba ranar da aka rubuta a jikin kwalbar.

Wallahu a'alam.