Addu'ar numfashi: kwaikwayon wasu ne ko tamu ce?

TAMBAYA: Mama, ina gaisuwa. Ni malamar firamare ce a nan Katsina. Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motar da ƙanena yake ciki a hanyar Jibiya gabana bai daina faɗuwa ba, ko da yake Allah ya dawo mana da shi lafiya. Ƙarfe biyun dare sai in farka zuciyata na dukan uku-uku, in na durƙusa zan yi addu'a ko kalma ɗaya ba ta fitowa. Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta ce in gwada addu'ar numfashi. Maigidana ya ce wannan kwaikwayon masu yoga ne, wato motsa jiki da tsara numfashi irin na mutanen Indiya, kuma Yesu ya hana maimaita magana. Ya halatta ga Kirista?

AMSA: Sannu 'yata, Allah ya ƙara tsarewa. Ki gaida maigidan, ki ce masa na yaba da taka-tsantsan ɗinsa, amma wannan karon bai canka daidai ba.

Addu'ar nan, wato gajeriyar addu'a da ake nanatawa tare da shaƙa da sakin numfashi, tamu ce mu Kiristoci, kuma daga Afirka ta taso. Tun ƙarni na huɗu akwai Kiristocin da suka keɓe kansu a hamadar Masar, suna saƙa kwanduna suna nanata aya guda a baki. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna da su, ya rubuta cewa ayar da suka fi riƙewa ita ce farkon Zabura 70, inda mai zabura yake roƙon Allah ya gaggauta ya cece shi. Daga baya aka haɗa kukan makaho Bartimawas a Markus 10:47 da roƙon mai karɓar haraji a Luka 18:13, aka samu: Ya Ubangiji Yesu Almasihu, Ɗan Allah, ka yi mini jinƙai, ni mai zunubi. Masu ibada a Dutsen Atos na ƙasar Girka su ne suka shahara da daidaita ta da shiga da fitar numfashi, musamman a ƙarni na 14.

Batun maimaitawa kuwa, ku buɗe Matiyu 6:7 tare. Abin da Ubangiji ya tsawata a kai shi ne surutun banza na masu zaton yawan magana ne zai sa a ji su. Shi da kansa a Getsamani, daren da baƙin ciki ya danne shi, sau uku ya yi addu'a yana faɗin magana ɗaya. Zabura 136 ma jimla guda take nanatawa har sau 26.

Ni na koye ta ne a benci, a ƙofar ɗakin tiyata, daren da aka shiga da marigayi maigidana. Shekara 31 na yi ina aikin jinya, na rarrashi dangin majinyata ba adadi, amma daren nan ilimina bai tsinana mini komai ba. Kusa da ni wata dattijuwa 'yar Daura tana jan carbinta, ɗanta ma yana ciki. Na lura ita numfashinta a kwance yake, ni kuwa ina haki kamar wadda ta yi gudu. Sai na kama Zabura 23. In na shaƙa in ce a zuci "Ubangiji makiyayina ne", in na saki in ce "ba zan rasa kome ba". Haka muka kwana, kowa da Ubangijinta a baki, da asuba ta raba mini goro.

Ga yadda za ki yi. Ki zauna, ba sai kin durƙusa ba, ki ɗora hannu a ciki. Ki shaƙa ta hanci har ki ji cikin ya taso, kamar ƙirgen huɗu, da rabin ayar. Ki saki a hankali, kamar ƙirgen shida, da sauran rabin. Sakin ya fi shaƙar muhimmanci, domin lokacin fitar numfashi ne wata jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya take rage saurin bugunta. Babban mutum yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti guda, ke kuma za ki sauko wajen shida. Minti biyar ya isa. Hankalinki zai gudu hanyar Jibiya, kada ki yi faɗa da shi, ki komo kan ayar kawai. Kuma ki saba da ita da rana, kafin ki shiga aji ko kina jiran tuwo ya nuna, don in dare ya yi bakinki ya riga ya san hanya.

Abu ɗaya nake ja miki kunne a kai: kada ki mai da ita laya. Magana kike yi da Allah, ba wani sirri a ƙirgen.

Yanzu kuma tsohuwar nas ce ke magana. Ki je asibiti a auna jininki, a duba ƙarancin jini da maƙoƙo, don su ma suna kawo bugun zuciya irin wannan. In komai lafiya amma an kwashe makonni barci ya ƙi, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa, ba hauka ba ne kuma ba raunin bangaskiya ba ne. Ƙanen naki fa, shi yana samun barci? Ki tambaye shi, ki rubuto mini.