Tambayoyinku: Tsohuwar tarakta ta iso gida, ta ina za a fara?

TAMBAYA: Na sayi tsohuwar tarakta ƙirar Massey Ferguson 135 mai amfani da man gas. Mai ita ya ce ta shekara uku a ajiye, amma da aka sa mata batir ta tashi nan take. Babu littafinta, babu takardar sabis. Ina so ta ja garma a bana. Me zan fara yi mata?

AMSA: Malam, ka yi dace da ƙira mai juriya. An fara ƙera 135 a 1964, kuma mai gas ɗin tana ɗauke da injin Perkins AD3.152, silinda uku, lita 2.5, ƙarfin doki 45 da 'yar ɗoriya. Sai dai tashin da ta yi kada ya ruɗe ka. Wannan inji yana tashi ko da cikinsa ya ci wuya, don haka a dakata da kunna ta tukuna.

Da sassafe, inji na sanyi, ka sa kwano a ƙasa ka sassauta matoshin baƙin mai kaɗan, ba cirewa ba. Ruwa ya fi mai nauyi, shi ke kwanciya a ƙasa, shi zai fara ɗigowa. Cokali ɗaya ko biyu raɓa ce ta dogon zama. In ya kai rabin kofi, ko ka ga ruwan lagireto ya ja baya, to gasket ɗin kan silinda ake zargi, kuma wannan aikin bakanike ne kafin komai. In babu ruwa, ka kunna ta minti goma man ya yi ɗumi, sannan ka juye shi duka, ka canza matatar mai, ka zuba kusan lita 6 na 15W-40 na injin gas. Wannan zubin farko wanki ne: zai kwaso dattin shekaru, saboda haka a sake canza shi da matatarsa bayan awa talatin na aiki.

Man gas ɗin da ya shekara uku a tanki ba abin amfani ba ne. A zubar da shi, a kwance famfon da ke gindin tankin a wanke 'yar ragar da ke jikinsa, domin nan tsatsa ke taruwa. A wanke kofin gilashi in akwai, a sa sabuwar matatar gas, wadda yawanci CAV 296 ce. Kula da zoben robar da ke shiga kwarmin sama: in bai zauna daidai ba, ta nan iska za ta riƙa shiga, ka yi ta neman matsala a inda babu ita.

Daga nan sai fitar da iska. Akwai ƙaramin famfo a gefen inji mai ɗan hannu da ake dannawa. Ka sassauta notin saman matata ka yi ta dannawa har gas ya fito ba kumfa, ka ɗaure. Ka koma kan babban famfon injekta, yana da notin iska biyu: na ƙasa da farko, sannan na sama. In ka ji hannun ƙaramin famfon sakayau ba ya tura komai, ba lalacewa ya yi ba, juya injin zagaye ɗaya ka sake gwadawa. A ƙarshe ka sassauta bututun nozul biyu, ka buga kik har gas ya yi tsartuwa, ka ɗaure. Kada ka kai yatsa wurin tsartuwar, ƙarfinta yana huda fata.

Matatar iska ta yawancin waɗannan taraktoci mai kofin mai ce a ƙasa. Za ka tarar da laka a gindin kofin. A kankare, a wanke ragar ƙarfen da gas, a zuba baƙin mai iya layin da aka zana, kada a wuce shi. Lagireto a wanke ciki, a hure ƙaiƙayin da ya toshe idanunsa daga baya zuwa gaba, a matsa tiyo a ji ko ya bushe. Fanbel ya lotsa kamar santimita ɗaya in an danna shi da babban yatsa. Tazarar bawul kuwa milimita 0.30 ce idan inji na sanyi, na shiga da na fita duka. Sai giris a kowane hanci, wato ɗan bakin da ake ɗura giris ta cikinsa, na gaba da na sitiyari. Fenti ya jira.

TAMBAYA: Tawa ma 135 ce. Man giya ya koma fari-fari kamar madara, kuma hannuwan baya ba sa ɗaga garma sai da ƙyar, in sun ɗaga kuma su riƙa zabura suna komawa. Famfon haidirolik zan saya?

AMSA: Kada ka yi gaggawar sayen famfo. A wannan tarakta mai ɗaya ne ke hidimar akwatin giya, da gatarin baya, da haidirolik, kusan lita 30. Farin da ka gani ruwa ne, kuma hanyarsa sananniya ce: robobin da ke gindin sandunan giya sun tsage, ko robar da ke rufe babban sifirin na bayan kujera, sai ruwan sama ya bi ta nan ya sauka. In ka canza mai ba ka canza robobin nan ba, da wani ruwan ya zo za ka koma gidan jiya.

Ka juye man bayan tarakta ta yi aiki ta ɗumama. Matoshin juyewa ya fi ɗaya a ƙasan, a buɗe su duka. Ka cire zagayayyen murfin gefe, ka haska tocila, ka kwashe lakar da ke kwance a ƙasa, ka wanke ragar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Sau da yawa wannan ragar ce kawai ta toshe. Mai kuma a zuba wanda littafin ƙirarka ya ambata, ko man tarakta na gama-gari irin 15W-30. A guji man giya mai lamba GL-5, domin sinadarin cikinsa yana iya cin sassan tagulla da ke cikin famfon.

In matsalar ta ci gaba, ga gwajin da zai faɗa maka gaskiya. Ka bar mai iya ramin notin ƙasa na murfin gefe, murfin a buɗe. Ka ɗaura garma, ka kai sandar da ke kula da zurfin huɗa can sama, ka kunna inji, ka ɗaga da ɗaya sandar, sannan ka leƙa da tocila. Ido kawai, hannu ba ya shiga nan inji na aiki. In mai na zubowa daga sama kamar ruwan indararo, zobban fistan na silindar ɗagawa ne suka cinye, ko zoben robar bututun da ke kai mai sama. In ka ga man yana tafarfasa a kusa da famfo, bawul ɗin rage matsi ne ke zubarwa. Zaburar da ka ambata alamar yoyo ce: garma na sauka kaɗan, na'ura na mayar da ita. In kuwa ɗagawar ce ke zuwa da kakkarwa, ɗaya daga bawulolin famfon ne, kuma ana samun kayan gyaransu ba sai an sayi famfon sukutum ba.

TAMBAYA: Sau biyu ina aikawa a sayo mini kayan gyara da sunan tarakta, sau biyu suna ƙin shiga. Ta yaya zan gane abin da ya dace da tawa, kuma shin har yanzu ana yin kayanta?

AMSA: Ana yi, kuma da yawa. Kamfanin AGCO, wanda ya mallaki Massey Ferguson tun 1994, yana sayar da kayan tsofaffin ƙira ta hannun dilolinsa, akwai kuma masu ƙera madadi irin su Sparex. Bayan haka an yi ta ƙera dangin wannan tarakta da injinta bisa lasisi a Indiya, da Fakistan, da Turkiyya, da Foland, shi ya sa kayan injin ba sa yankewa a kasuwa.

Matsalarka ita ce sunan ƙira kaɗai ba ya isa. An haɗa 135 a Kobantiri ta Ingila, da Ditiroit ta Amurka, da kuma Faransa, kuma ba duk abin da ya shiga wannan ke shiga waccan ba. Wasu na Amurka ma injin fetur gare su. A cikin shekarun da aka yi ana ƙera ta an sauya abubuwa da dama: gatarin gaba akwai mai lanƙwasa akwai miƙaƙƙe, matatar iska akwai mai mai akwai busasshiya, sil ɗin bayan kiranshaf akwai na igiya akwai na roba. Kuma tarakta mai shekara hamsin ta bi ta hannaye da yawa, mai yiwuwa injin da ke cikinta ba wanda ta fito da shi ba ne.

Don haka lamba biyu za ka rubuta ka adana. Ta farko tana kan ɗan faranti da ke kusa da sitiyari, a jikin allon geji. Ta biyu an buga ta a jikin gangar injin, sai ka goge maiƙo da tsumma kafin ta bayyana. Da su za ka nemi littafin kayan gyara na ƙirar, mai zanen kowane sashe da lambarsa, ka riƙa saye da lamba. In da hali ka tafi da tsohon kayan a hannu, ka jera su da sabon, ka ƙirga haƙora da ramukan noti, ka auna kauri.

Inda aka fi asara shi ne buɗe inji. Akwai A3.152 da ke cikin ƙirar 35 da 35X, akwai AD3.152 irin na 135. Sunan kusan ɗaya, amma fistan ɗinsu ya sha bamban: na AD3.152 yana da rami a kansa inda gas ke ƙonewa. Silif, wato kwarkwaron da fistan ke hawa da sauka a cikinsa, shi ma iri biyu ne, mai rufin kurom da na baƙin ƙarfe, kuma kowanne da irin ringinsa. In aka haɗa ringi mai kurom da silif mai kurom ba za su taɓa zama da juna ba, inji zai yi ta shan mai yana hayaƙi. Kada a sayi metal, wato faifan da kiranshaf ke juyawa a kansu, sai an auna kiranshaf, domin wataƙila an taɓa goge shi a baya.

Kayan hannu daga taraktar da aka wargaza sun fi dacewa a manyan ƙarafa, irin murfin haidirolik, da gatari, da haƙoran giya. Sil, da gasket, da boris, da faifan kuloci kuwa sababbi kawai. Ka tuna notukanta na inci ne. Sifana ta milimita za ta yi kamar ta kama, sai ta cinye kan notin, musamman ƙananan na famfon injekta masu 5/16.

TAMBAYA: Birkin ƙafa ɗaya yana kamawa, ɗayan kamar babu. Na ɗaure shi amma shiru.

AMSA: Leƙa bayan gangar birkin. In ka ga danshin mai, sil ɗin gatarin baya ne ya saki man giya a kan takalman birki, kuma ɗauri ba ya maganin wannan. Sai an zaro gatarin an canza sil, an sa sababbin takalma a ɓangarorin biyu, an wanke gangar tas. Takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa, da ya yi zafi zai sake fitar da shi. Kafin ka gyara kada ka hau titi da ita, balle gangara da tirela a baya. In taka mai Multi-Power ce, wato mai ƙarin sandar giya ta matakin sama da na ƙasa, ka sani a matakin ƙasa inji ba ya riƙe ta a gangara, tafiya take yi sakaka, don haka a mayar da sandar matakin sama tun kafin a fara sauka, kuma a haɗe fedojin birkin biyu da makullinsu.