Yuriya a Gonar Waken Soya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a Dakace, kusa da Zariya. A daminar bana na zuba wa waken soya yuriya kamar yadda nake yi wa masara. Ya yi ganye shar, amma da na tumɓuke ɗaya sai na ga ƙululun da ke jikin saiwarsa 'yan kaɗan ne. Takin ne ya jawo haka, ko yanayin shekara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun suna da hannu, amma laifin takin ya fi yawa. Ƙululun nan gidaje ne na wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira rizobiya, masu ɗebo sinadarin naitirojin daga iska, wadda kusan kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, su ba shuka, ita kuma ta ciyar da su da sukarin da ganyenta yake haɗawa. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, saboda haka idan wake ya same shi a araha cikin ƙasa sai ya daina ɗawainiya da baƙinsa. Abin yana damuna, domin kuɗi ka kashe ka hana aikin da ake yi maka kyauta.

Ka fasa ƙululu ɗaya da farce. Idan cikinsa ja ne kamar ɗanyen nama, yana aiki. Idan fari ne ko kore, ba ya tsinana komai.

Abin da wake da gyaɗa suka fi buƙata shi ne takin sufa mai ɗauke da sinadarin fosfaras, domin ƙasarmu tana da ƙarancin fosfaras, kuma sai da shi ƙululun suke kankama. Dogon gwajin taki da aka fara a Samaru ta Zariya a 1950 ya nuna cewa yawan zuba takin naitirojin shi kaɗai yana sa ƙasa tsami, alhali kashin shanu yana riƙe ƙarfinta.

Game da yanayi kuwa, dogon rani da zafin bazara suna rage yawan ƙwayoyin nan, musamman a gonar da aka ƙone karanta aka bar ta tsirara, haka ma ruwan da ke kwanciya a kwarin kunya a watan Agusta yana hana su iska. A baɗi, idan Allah ya kai mu, ka gauraya irinka da Nodumax, garin rizobiya na cibiyar binciken aikin gona ta IITA, a cikin inuwa, ka shuka a ranar bayan ƙasa ta jiƙa sosai.