Kafin ka yanke salansar ƙaramin babur ɗin gudu

"Oga, don Allah ina da tambaya. Samarin nan da ke kawo ƙananan baburan gudu, su Pulsar da R15 da Duke, idan suka ce a yanke musu salansa, a cire akwatin filta, a sa ƙatuwar taya a baya, sai in ga kana jan ƙafa. Wasu garejin kuwa nan take suke yi musu su karɓe kuɗinsu. Gyaran ne ba ya ƙara gudu, ko kai ne dai ba ka so?"

To, ɗana, ajiye sifanar nan ka jawo benci, wannan ba maganar tsaye ba ce.

Ni ba na ƙin kuɗi, kuma ba na ƙin saurayi ya gyara babur ɗinsa ya yi kyau. Wanda ya tara guminsa ya sayi abin hawa yana da haƙƙin ya more shi. Abin da ke sa ni jan ƙafa shi ne, waɗannan ƙananan injuna tun daga masana'anta an riga an tatse su. Duk abin da ka ƙara musu ta nan, ta can ka rage. Bakaniken da ya san aikinsa sai ya san inda za a rage ɗin, ya faɗa wa mai babur tun kafin ya kwance noti ɗaya. Akwai abin da in mai shi ya ji ya gani ya ce a yi, sai a yi masa. Akwai kuma wanda ko nawa zai biya ba na sa hannu.

Ɗauki Pulsar NS200, tunda shi muka fi gani. Kamfanin Bajaj na Indiya ya fara fito da Pulsar a 2001, shi NS200 ya zo a 2012, kuma injinsa dangin na KTM Duke 200 ne, wanda Bajaj ɗin ke haɗawa a masana'antarsa ta Chakan kusa da garin Pune. Silinda ɗaya ce, 200cc saura kaɗan, amma bawul huɗu, fulogi uku, lagireto, giya shida, yana ba da ƙarfin doki wajen 23 idan inji ya kai zagaye 9,500 a minti ɗaya. Boxer mai 100cc da kake kwancewa kullum dokinsa wajen 8 ne. Ka ga girman inji ninki biyu, ƙarfi kuwa ya kusa ninki uku. Injiniyoyi ne suka zauna da na'urorin gwaji suka matso wannan ƙarfin. Kana ganin sun bar wani babban abu a ciki wanda mai walda zai zaro da zarto?

Mu fara da salansa, don ita ce abin da kowa ke fara nema. Inji iska yake zuƙa, ya gauraya ta da mai, ya ƙone, ya fesar. Gwargwadon da yake so shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi, kuma idan an buɗe masa wuta ma ya fi son man ya ɗan fi haka yawa. Da ka yanke salansa ka buɗe filta, iska ta ƙaru, man yana nan yadda yake. Sai inji ya riƙa cin wuta da ƙarancin mai, zafi ya hau kan bawul da kan fistin. Alamar farko, idan mai babur ya saki totur za ka ji tas-tas-tas a baya. Samari suna jin daɗin wannan ƙarar, ni kuwa in na ji ta gabana faɗuwa yake yi. In kana son ka tabbatar, ciro fulogi ka kai shi haske. Na lafiyayyen inji bakinsa launin shayi mai madara ne. In ka ga ya yi fari fat, busasshe, wani lokaci har da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a jikin tangaran ɗin, to inji yana cin kansa. In baƙi ne mai toka, man ne ya yi yawa.

Saboda haka duk wanda na canza wa salansa, dole in bi man in daidaita. Mai kafireto, kamar NS200 da Pulsar 150 na farko-farko, sai a ƙara girman babban jet, wato ƙaramar ƙofar da mai ke bi, mataki ɗaya, a duba allura, a saita sukurun iska, a hau a zagaya, a dawo a sake duba fulogi. Aiki ne na haƙuri. Mai injekta kuwa, irin su RS200 da R15 da Duke, ƙwaƙwalwar inji ce ke auna mai. Tana iya gyara ɗan bambanci da taimakon sensar da ke jikin bututun hayaƙi, amma iyakarta ke nan. Abin da ya wuce haka sai an sake mata lissafi da kwamfuta, a gwada babur a kan injin auna ƙarfi. In ba ka da wannan kayan aikin, ka faɗa wa mai babur gaskiya ba ka da shi. Kada ka yi caca da injin mutum.

Akwai kuma abin da samarin ba su sani ba. Tsawon bututun hayaƙi da faɗinsa an lissafa su ne don inji ya samu jan ƙarfi tun yana ƙasa. Ka sa masa bututu mai faɗi, sai ƙarfin ƙasa ya gudu. To a ina yaron nan yake hawa? A cikin gari, tsakanin adaidaita sahu da danja, tashi da tsayawa. Ƙarfin da yake amfani da shi kullum shi ya sayar, ya sayi ɗan abin da ba zai gani ba sai allurar agogon zagayen inji ta kusa jan layi. Shi ma ɗin bai taka kara ya karya ba, domin idan babur ya miƙe, iska ce babbar abokiyar gabarsa. Kafin ka ƙara kashi 10 cikin 100 a ƙarshen gudunsa, sai ka ƙara wajen kashi 33 cikin 100 na ƙarfin inji. Wato daga doki 23 sai ka haura 30. Babu salansar da za ta ba ka wannan. Kunne ne ke yaudarar mutum, ya ji ƙara ya ɗauka gudu ne.

Ban da haka, unguwa akwai tsofaffi da marasa lafiya da jarirai. Babur ɗin da ya tashe su da tsakar dare, in aka tambaya wa ya yi aikin, sunan garejinmu za a kira. Wanda ya nace sai ya canza, ina sa masa wadda ke da abin rage ƙara a cikinta, kuma in ce kada ya zare shi.

Filta kuwa ita ce inda ba na sassautawa ko kaɗan. Wannan ƙaramar filtar mai kama da mazurari da suke gani a bidiyo, a ƙasashen da ba su san hunturu irin namu ba ake sa ta, ko a filin tsere inda ake kwance inji a kai a kai. Kai da hannunka ka sha buɗe akwatin filta a watan Janairu. Ka ga yadda jar ƙura ke kwanciya a gindinsa, ka shafa da yatsa ka ji tana ƙaras-ƙaras. Wannan yashi ne tsagwaronsa. Akwatin da filtar takardar da ke ciki su ne suka tare shi. Ka cire su, yashin ya bi iska ya shiga silinda, ya gauraya da baƙin mai, ya riƙa goge ringi da bangon bulok duk zagaye ɗaya, sau dubbai a minti. Kafin a ankara babur ya fara shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, da safe sai an sha wuya ya tashi. Damina ta zo kuma ya zuƙi ruwa. Mai babur ba zai tuna shi ya roƙe ka ba, cewa zai yi kai ka kashe masa inji, kuma da gaskiyarsa, don kai ne ka sani. Ka bar akwatin nan yadda ka gan shi. Filtar asali sabuwa, a canza ta da wuri lokacin ƙura, a tabbatar robar bakin murfin ta zauna daidai.

Masu cewa a bora bulok a sa babban fistin, amsarsu gajeriya ce: bango zai yi siriri, zafi zai ƙaru, kuma da irin man da wani lokaci ake saya a galan bakin titi, inji zai riƙa ƙwanƙwasa. Wanda ke son ƙarfin 400cc ya tara kuɗi ya sayi mai 400cc.

Sai taya. NS200 yana zuwa da 100/80-17 a gaba, 130/70-17 a baya, kuma faɗin wilinsa an yi shi ne don wannan. Ka cusa masa 150 ko 160, wilin zai matse gefunan taya ta yi tsini, wurin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, nauyi ya ƙaru, babur ya yi taurin kai a kwana, wani lokaci har ta riƙa gogar sarƙa. In yaro na da kuɗin taya, ya sayi mai kyau daidai lambar da kamfani ya sa. Nan ne kuɗinsa zai yi masa aiki. Kuma ka koya masa duba shekarunta. A gefen taya akwai lamba huɗu cikin wani ɗan zagaye. In ka ga 2319, mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zanenta raɗau alhali robar ta bushe ta ƙeƙashe, ranar da aka yi yayyafi ranar za ta nuna halinta.

Birki ma haka. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da babur ke buƙata kafin ya tsaya ninki huɗu take yi. Shi ya sa kafin in saurari maganar ƙarin gudu, sai na tsuguna na leƙa takalmin birkin gaba, don na gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Man birki yana zuƙar danshi, in ya tsufa ya yi duhu sai hannu ya yi laushi lokacin da birki ya ɗau zafi. A canza shi duk shekara biyu, da irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. Mai ABS kuma, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki, kada ka yarda wani ya sa ka cire masa fiyus wai don ya riƙa jan taya a ƙasa.

Yanzu in mutum ya ce shi dai yana son ya ji babur ya canza a hannunsa, akwai gyaran da nake yi da zuciya ɗaya, wato faifan haƙoran da sarƙa ke hawa. Mu ɗauka na gaba haƙora 14 ne, na baya 39. Ka mayar da na gaba 13, babur zai riƙa fizga da wuri, amma inji zai riƙa kuka a doguwar hanya, ya ƙara shan mai. Ka mayar da shi 15, tashi zai yi sanyi, amma mai zuwa Zariya ko Katsina zai ji inji ya natsu. Haƙori ɗaya a gaba ya kusa uku a baya. Wannan ba ƙarin ƙarfi ba ne, sauya masa wuri ne kawai, kuma haka za ka faɗa masa. Kyawunsa shi ne ba tsada, ba ya cutar da inji, in bai yi masa ba a mayar. Sai dai in sarƙar ta tsufa, a canza su gaba ɗaya, ita da faifan biyu.

Baƙin mai, ka kula, kulocin waɗannan baburan a cikin mai yake wanka. Man mota na zamani yana da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa. Ka juya galan ka nemi JASO MA ko MA2, alamar man da ya dace da irin wannan kuloci.

Kayan kwalliya ba ni da ja a kansu, in dai za a yi su da tsafta. Ƙarfen kariyar inji na ma fi so a fara da shi, don faɗuwa ɗaya a tsaye tana iya fasa lagireto ko murfin inji. Mariƙin waya, wurin caji, sitika, duk a yi. Inda ake ɓarna shi ne wajen wuta. Kada in taɓa ganin ka fere wayar babur ka murɗa wata a kai ka naɗe da leda. Ƙarin fitila daga batir ake jawo ta, da fiyus ɗinta da rile, a haɗa da dalma a rufe da kyau. Koyil ɗin ƙaramin babur wutar da yake bayarwa ƙidayayya ce, in ka ɗora masa fiye da ƙarfinsa batir ba zai cika ba, mai injekta kuwa in batir ya yi sanyi ko tashi ba zai yi ba. Fitilar da ke kashe wa na gaba ido a saita ta ta kalli ƙasa. Madubi da tarafiketa da lamba ba a cire su don gayu. Wanda zai canza fenti gaba ɗaya ka tuna masa launin da ke cikin takardunsa, kada ya je ya yi ta bayani a gaban VIO.

Kuma ka tambaye shi hular kwanonsa. Tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta, amma har yau za ka ga mai babur na miliyoyi da kai tsirara, ko da hular magina. Ya nemi mai rufe haɓa, mai tambarin gwajin inganci na ECE ko DOT, wadda ta kama kansa, ya ɗaure igiyarta. Da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. In kuɗinsa ba zai isa duka biyu ba, salansar ta jira.

Duk abin da ka cire daga babur ɗin mutum, salansar asali ce ko jet ko faifan haƙora, ka wanke ka sa a kwali ka ba shi, ka rubuta masa a takarda abin da ka canza da lambarsa. Ranar da zai sayar, mai saye zai fi sakin kuɗi in ya ga kayan asali, bakaniken da zai karɓi babur ɗin bayanka kuma ba zai yi ta lalube ba. Kafin ka miƙa mukulli, ka sa hula ka hau da kanka, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya, ka gwada birkin gaba da na baya, ka dawo ka bar inji ya huce, sannan ka sake bin duk notin da ka taɓa da sifana.